Rantsuwar da Anders Bai Ƙarasa Ba

Osgard, Minnesota
Satumba, 1998

Ƙanena Duane,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kunnen nan naka kuma bai ƙara lalacewa ba. Da kana jin waya da ban wahalar da yatsuna ba, amma wancan karon da na kira ka, maƙwabta kaf sun ji sirrinmu, kai ko kalma ɗaya ba ka kama ba. Ni lafiya lau, sai gwiwa. An gama yankan alkama, an shiga haƙar dankali.

Maganar jikana Anders ce ta zaunar da ni. Ka san tun da uwarsa Karin ta rasu bara yake hannuna. Ya cika sha biyu. Watanni bai buɗe baki ya nemi komai ba, sai ran nan muna cin abinci ya ce yana son shiga 'Yan Fitila, ƙungiyar yaran nan masu jan ƙyalle, don kwanan daji da tuƙin kwalekwale. Don murna har na ƙona wainar dankali.

Ranar Talata na kai shi saman gidan 'yan kwana-kwana, ɗakin nan dai da ka sani. Allon yana nan a ƙofa: Rundunar Curtis Lindahl. Hoton ɗan naka ma yana bango, da jan ƙyallensa a wuya. Vern Tollefson ne shugaba har yau, sai dai ya yi tumbi da furfura.

Aka sa Anders ya ɗaga hannu. Ya bi Vern baki da baki: zai faɗi gaskiya, zai taimaki na ƙasa da shi, zai yi wa ƙasarsa hidima. Da aka zo kan "zan bauta wa Allah" sai ya yi shiru.

Vern ya ce, "Ɗan Karin, harshen ka haɗiye? Maimaita mana."

Ya ce, "Wannan ba zan iya faɗa ba, Mista Tollefson."

"Saboda me?"

"Yanzun nan kuka sa na rantse zan faɗi gaskiya."

Yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Vern ya karɓe ƙyallen da ya riga ya miƙa masa, ya ce ya je gida ya yi tunani, ƙofa a buɗe take ranar da bakinsa ya buɗe.

A mota yaron ya gaya mini. Wai duk sanyin bara, a gefen gadon uwarsa a asibiti, babu ranar da bai yi addu'a ba. Bai ce babu Allah ba, Duane. Cewa ya yi bai sani ba, kuma ba zai rantse a kan abin da bai sani ba. Ni da na tsufa ina kaɗa fiyano a coci, maganar ta fi yi mini ciwo a kan Vern. Amma ɗakin nan na gari ne. Motar da ke kai su tafki ta gari ce, tantunan ma haka. Karin ta biya haraji a garin nan har ta kwanta.

Kai da Vern ajinku ɗaya. Ka rubuta masa layi biyu. Sunan ɗanka ne a ƙofar, zai ji maganarka.

Yayarka,
Marlys

Alaska
Oktoba, 1998

Yaya Marlys,

Na samu takardarki, ta yi mako biyu a hanya saboda hazo ya hana jirgin wasiƙu sauka a tsibirin. Lafiyata ƙalau. Kifi ya ƙare, masu zuba shi a gwangwani sun watse, saura mu masu kula da injuna. Gwiwar nan ki daina hawa tsani da ita, na san halinki.

Yaron ya ba ni tausayi. Amma ki ce masa ya faɗi kalmomin a wuce wurin. Rabin mazan da suka ɗaga hannu a ɗakin nan tunanin abincin dare suke yi. Bakinsa ya fara faɗa, wataƙila zuciya ta biyo baya.

Ba zan rubuta wa Vern ba. Kin san dalili, amma tunda kin sa ni, bari in faɗa. Ranar da jingar kogi ta ɓalle a bayan injin niƙa, Curtis yana can ne yana jera buhunan yashi da wannan ƙyallen a wuya, da wannan rantsuwar a baki, yana ɗan shekara sha biyar. Kogi bai dawo mana da shi ba. Ke kina da kabarin Karin, kina kai fure. Ni ba ni da inda zan kai. Ɗakin nan shi ne kabarinsa. Shekara ashirin da wani abu ban taka Osgard ba, amma duk Talata na san akwai yara a ƙarƙashin hotonsa suna surutu, suna koyon ƙulla igiya, sai in ji kamar ba shi kaɗai ba ne.

Abin mamaki, kunnen nan da ba ya jin mutum a gabansa, in jirgin ruwa ya yi ƙaho cikin hazo sai in ji jiniyar garinmu sak. Nakan ajiye sifana in tsaya har ta wuce.

Kada ki taɓa ɗakin nan, Yaya. Abin da na roƙe ki ke nan.

Duane

Osgard
Disamba, 1998

Duane,

Ina fata sanyi bai matsa maka ba. Mu nan ƙanƙara ta kai taga. Tari ya kama ni amma ya sake ni.

Na gaya wa Anders shawararka. Ya ce, "Kaka, in na yi ƙarya don in shiga, wa ya shiga, ni ko wani?"

Na je gaban majalisar gari. Na sa rigata ta coci, na tsaya na ce ni ban nemi a cire Allah daga bakin kowa ba, a bar yaro ɗaya ya yi shiru a layi ɗaya. Wani ya ce daga baya, "Marlys, yau shiru, gobe kuma su ce a rufe cocin." Vern ya miƙe ya ce shi ba shi ya rubuta rantsuwar ba, daga hedikwatar ƙungiya take, in ya cire kalma ɗaya za a karɓe masa tutar rundunar. Na ce, "To hedikwatar ce ke zuba wa motar gari mai?" Aka yi dariya, aka ce za a duba. Ka san ma'anar za a duba.

Sai na rubuta wa wata lauya a birni. Ta aiko wa majalisa takarda cewa tsarin mulki bai yarda hukuma ta ɗauki nauyin ƙungiyar da ke tambayar yaro imaninsa a bakin ƙofa ba. Ko a buɗe ƙofa, ko gari ya cire hannunsa, ko a haɗu a kotu. Lauyan gari ya karanta ya ce musu matar ta fi su gaskiya.

Tun daga nan fasto ya ce in ɗan huta da fiyano har ƙura ta lafa. A kanti mata na ganina sai su duƙufa karanta bayan gwangwani.

Makon jiya majalisa ta yi ƙuri'a. Zan ba ka labari in na huce. Abu ɗaya dai gara ka ji daga bakina: Curtis ba ya bangon nan kuma. Da hannuna na sauko da shi.

Marlys

Alaska
Janairu, 1999

Marlys,

Lafiyata lau, tunda al'ada ce a faɗa.

Abu ɗaya na roƙe ki. Na karanta layin ƙarshen nan har takardar ta yi laushi, ko zan ga wata ma'ana, ban gani ba. Kin kawo lauya daga birni, kin ci nasara, kin hau kujera kin cire ɗana don jikanki ya ji daɗi. Kogi ya ɗauke shi sau ɗaya, ke kin ƙara.

Tun muna yara in kika ga kina da gaskiya ba kya duba wanda kika taka. Ki gaishe da tsarin mulki.

Kada ki wahalar da yatsunki.

Duane

Osgard
Maris, 1999

Ɗan auta,

Na bar ka wata biyu ka huce, ni ma in huce. Ina gaisuwa. Gwiwa ta kumbura, likita ya zuƙe ruwan, yanzu da sanda nake fita.

Ka ce kada in rubuto. Na girme ka da shekara shida, ni na goya ka, don haka zauna ka karanta.

Majalisa ba ta buɗe ƙofa ba. Cire hannunta ta yi. Aka ba Vern mako guda ya kwashe kayansa, cocinmu ya karɓe su a ɗakin ƙasa. Amma dattawan coci suka ce tunda su ne masu ɗaukar nauyi yanzu, runduna za ta ɗauki sunan cocin. Vern ya yi musu, an fi ƙarfinsa. Da makon ya cika na hau saman gidan 'yan kwana-kwana don in ga ɗakin. Har sun fara jibga tsofaffin tiyo da tayoyi, za a mai da shi sito. Allon ƙofa yana ƙasa, an jingine shi fuskarsa na kallon bango. Curtis kuma yana sama shi kaɗai, yana murmushin nan nasa, yana kallon tayoyi. Na tambayi wani matashi cikin masu kwasar kaya me za a yi da hoton. Ya ce, "Wane ne shi, Mama?"

Shi ya sa na hau kujera da wannan gwiwar. Yana falona yanzu, kusa da na Karin. Da na rubuta maka haka tun farko. Raina ne a ɓace, na gajarta.

Nasarar da ka ce na ci kuwa, ga ta. Anders yana waje har yau, yanzu ma da izinin doka, don coci yana da ikon zaɓen wanda zai shiga ɗakinsa, kuma ban musa ba. Motar gari ta daina kai su tafki. Yaran bayan layin dogo, waɗanda iyayensu ba su da motar kai su, sun daina zuwa. 'Ya'yan Katolika biyu ma uwarsu ta cire su, ta ce ba za su shiga ƙarƙashin cocin wasu ba. A makaranta ana kiran Anders wanda ya kashe Fitila. Ran nan ya dawo da leɓe a fashe, ya ce mini, "Kaka, ni fa kwanan daji kawai nake so."

In ka tambaye ni ko zan sake, zan sake. Abin da aka saya da harajin kowa ba a tsaya a ƙofarsa ana tambayar maraya me ke zuciyarsa. Amma ba na jin daɗi, Duane. Ranar Talata da yamma nakan bi ta gaban gidan 'yan kwana-kwana in ga tagar sama babu haske, sai in ji kamar wani yana tsaye a bayan gilashin yana jira a zo. Nakan ƙara wa mota wuta.

Ƙanƙarar bana ta yi yawa, kuma ta fara narkewa da wuri. Tsofaffi sun fara zuwa gada suna kallon ruwa.

Ko zagi ne ka rubuto.

Yayarka,
Marlys

Alaska
Afrilu, 1999

Yaya,

Ban san ko wannan za ta same ki a gida ba. Takardarki ta Maris tana aljihuna, na fara amsa ta sau da yawa ina yagawa. Na yi miki mummunar fahimta. Amma wannan maganar ta jira tukuna.

Wani abokin aikina ya gani a talabijin, ya rubuta mini a bayan kwalin sigari cewa kogi ya hau a yankinmu, ana kwashe mutane. Na je ofis na roƙi waya. Layi ya ƙi shiga har kwana biyu. A na uku aka ɗauka.

Muryar yaro ce. Kin san kunnena, kalmomi ba sa shiga, sai amon murya kawai, kamar mutum na magana a ɗaki na gaba. Murya ce da ta fara fashewa, ba ta yaro ba, ba ta babba ba. Yaya, na san Anders ne ke gidanki. Na sani. Amma ba Anders na ji ba. Na yi wata tambaya, ban ma tuna me na ce ba. Ya amsa, ban ji amsar ba. Na riƙe wayar har mai ofis ya karɓe ta daga hannuna.

Tun ranar ban iya cin abinci sosai ba. Ki rubuto ki gaya mini kuna ina, ruwa ya kai ina, kuma kowa ya cika.

Duane

Osgard
Mayu, 1999

Ƙanena Duane,

Kowa ya cika. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune. Muna gida, ruwa ya tsaya a matakalar baya, ɗakin ƙasa ne kawai ya cika da laka. Gwiwa tana nan yadda take. Ka ci abinci.

Ranar Asabar da safe jiniya ta yi kuka. Aka bi gida-gida da lasifika ana cewa duk mai hannu biyu ya fito jinga. Kafin in nemo sandata Anders ya sa takalman roba. Na tare ƙofa. Na ce, "Ba inda za ka."

Ya ce, "Kaka, cewa aka yi kowa."

Ka ga abin da ya same ni? Wata bakwai ina faɗa da gari guda don a sa yaron nan cikin masu jan ƙyalle, ban taɓa tsayawa na tuna inda ake kai masu jan ƙyalle in kogi ya hau ba. Sai a bakin ƙofar nan na tuna. Na matsa masa ya wuce, na bi shi a mota.

Bayan injin niƙa aka tura su. Wurin dai. An ɗaga jingar tun bayan wancan karon, amma itacen nan mai rassa biyu yana nan, ruwa ya kai masa wuya, launin ruwan kuma irin na ranar. Mutane sun yi layi ana miƙa buhu hannu da hannu, 'yan cocinmu, Katolika, ma'aikatan gona 'yan Meziko, yaran bayan layin dogo. Babu wanda aka ce ya ɗaga hannu ya maimaita komai.

Vern yana saman jinga yana ba da umarni, muryarsa ta dushe. Can ya hango Anders. Ya sauko, ya zo har inda yake. Na ɗauka korarsa zai yi, har na fara shirya abin da zan faɗa masa. Sai ya kwance igiya daga kafaɗarsa, ya ɗaura wa yaron a ƙugu, ya ɗaura ɗaya bakin a nasa ƙugun. Sai da ya sake ƙullin don ya tabbata.

Anders ya ce, "Mista Tollefson, sauran ba a ɗaure su ba."

Ya ce, "Sauran ba jinin Lindahl ba ne. Na tsaya a nan na ga ɗaya ya tafi. Miƙo buhu."

Haka suka yini, tsoho da yaro a igiya ɗaya. In Vern zai je duba wani gefe sai ya ja shi, in yaron zai sha ruwa sai Vern ya bi shi. Wani ya yi musu tsiya ya ce, "Vern, ka samu ɗan maraƙi ne?" Bai ko juya ba. Ni ina cikin rumfar mata muna zuba kofi da miya, rabin abin da na zuba a ƙasa ya ƙare, don idona bai bar igiyar nan ba. Matar fasto ta karɓi butar daga hannuna ta ce, "Zauna, Marlys, ni zan zuba, ke ki yi kallonki." Ita ce maganar farko da ta yi mini tun Disamba.

Wajen la'asar wani gefe ya zabtare, ƙasa da inda suke kaɗan. Babu kowa a kai. Ƙarar ce dai, Duane, irin ta wancan karon, kamar an sauke lodin tsakuwa. Vern ya rungumo yaron ya danne shi a ƙasa, ya daɗe bai sake shi ba, har sai da Anders ya ce numfashinsa zai ɗauke. Aka toshe wurin. Washegari ruwa ya fara ja.

Kada ka ɗauka komai ya gyaru. Bayan mako Vern ya zo gidana da famfon zuƙe ruwa. Ya tsaya a falo ya cire hula a gaban hoton Curtis, ya daɗe. Na ce, "To, Vern, yanzu fa?" Ya ce, "Rantsuwa tana nan yadda take, Marlys. Ni na yarda da kowace kalma a cikinta, ba zan ce wa yara wasa ce ba." Na ce ni ma ina nan inda nake. Ya ce ya sani. Ya sha kofi, ya zuƙe mini ruwa, ya tafi. Majalisa kuma ta fara maganar kafa ƙungiyar matasa ta gari wadda ba ruwanta da imanin kowa, amma an ce za a duba.

Anders har yau yana raka ni coci, ya zauna a baya, ba ya waƙa. Ba na matsa masa. Nakan yi addu'ar mutum biyu.

Yanzu maganar waya. Ranar ina ƙasa ina kwashe laka, shi ya ɗauka. Ya sauko ya ce mini wani mutum ne, ya yi ta cewa halo ba a amsa ba, sai numfashi da ƙarar inji daga nesa. Can sai mutumin ya ce da ƙarfi, "Ka fito daga ruwan?" Ya ce masa e, ya fito. Mutumin ya sake tambaya, ya sake ce masa e. Wai sau uku. Ka ce ba ka ji amsar ba, to ga ta nan na rubuta maka.

Da takardarka ta zo na gaya masa kakansa Duane ne. Ya kalli hoton da ke bango, sannan ya ce, "Kaka, wa yake tsammani ya ɗauka?"

Na ce masa wannan ba ni zan amsa ba. Makaranta za ta rufe farkon Yuni, ɗakin Karin kuma a gyare yake. In ba za ka iya zuwa ba, adireshinsa ɗaya da nawa. Yana jira.

Yayarka,
Marlys